Rasuwar Kan Injin Dattijuwa, Wanda Bol Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya fara tsiyaya ta gefe, mai babbar motar nan da aka sani da Dattijuwa, a madadin kansa da iyalinsa da duk wani ƙarfe da ke jikin motar, yana sanar da 'yan'uwa da abokan hanya rasuwar Kan Inji, wanda makanikai ke kira Tof. Rai ya yi halinsa a kan bencin mai walda, da hantsi, bayan doguwar jinyar da ba shi ya jawo wa kansa ba. Ya tafi da sauran ƙarfinsa. Ba tsufa ba ne ya kai shi, ba kuma hanya ba. Bol ne ya kashe shi, wato ƙusar nan mai haƙora da ake murɗawa da sifana, bol kuwa ba ya tafiya da ƙafarsa, sai hannu ya kai shi. Za a zo kan maganar hannun.

Marigayin ya zo duniya tare da motar, kuma tun da ya zauna a saman inji bai taɓa neman a ɗaga shi ba. Wuta tana ƙarƙashinsa, ruwa yana yawo a cikinsa, baƙin mai yana bin samansa, amma bai taɓa barin ɗaya ya shiga hurumin ɗan'uwansa ba. Mai makoki, wato mai motar, bai yi makarantar kanikanci ba. A gindin wannan kai ya koyi ɗan abin da ya sani, da kunne da ƙonewar yatsa, kuma ya sha zama a bakin hanya yana jiran inji ya huce yana tunanin cewa da mutane za su iya riƙe wuta da ruwa a ciki ɗaya ba su gauraya ba, da alƙalai sun nemi wata sana'ar. Marigayin ba mai yawan magana ba ne. Da safe idan an tashe shi yakan ce gurrum, gurrum, gurrum, kamar dattijo yana gyaran murya, daga nan sai ya kama aikinsa. A kan tudu, da kaya har sama, muryarsa takan koma ƙasa ta yi kauri, ba ƙorafi a cikinta. Bai taɓa kunyata mai shi a gaban masu kaya ba. Bai taɓa shan ruwan da ba a ba shi ba.

Ya rasu ya bar gangar inji, abokiyar zamansa, wadda yanzu take kwance a gareji baki buɗe an rufa mata buhu. Ya bar fistin shida, marayu, kowanne ya tsaya a inda mutuwar ta same shi, wani a sama wani a ƙasa. Ya bar lagireto, wanda ya zubar da duk abin da ke cikinsa a ranar. Ya bar batir da ke ta sanyi a hankali, da tayoyin da suka fara manta kwalta. Ya kuma bar sabon bututun hayaƙi mai yatsu shida, mai ƙyalli, wanda saboda shi aka yi duk wannan, kuma har yanzu yana jingine a bango yana ƙyallinsa kamar ba a gidan ake makoki ba.

Domin masu ta'aziyyar da ba su taɓa leƙa cikin bonet ba, ya kamata a yi bayanin ciwon, kada su tafi suna cewa kwana ne ya ƙare kawai. A gefen kan inji akwai ƙofofin da hayaƙi ke fita. A nan ake manna bututun da ke karɓar hayaƙin ya miƙa wa salansa, da gasket, siririn faifan da ke hana hayaƙi yoyo, a tsakani. Wurin yana da zafin da babu irinsa a jikin mota: ƙarfe ya kumbura da rana, ya tsuke idan an kashe inji, kullum haka. Waɗanda suka ƙera marigayin sun san da wannan, shi ya sa suka dasa masa sitod goma sha biyu. Sitod sandar ƙarfe ce marar kai, mai haƙora a duka bakinta biyu. Ana murɗa baki ɗaya cikin ramin da ke jikin kan inji, sau ɗaya tak, a bar shi nan ya zauna. Sai a rataya gasket a kansa, a zura bututun, a kawo noti, ɗan zoben nan, a ɗaure daga waje. Duk kwancewa da ɗaurewar da za a yi har ƙarshen rayuwar motar, tsakanin zoben da sandar za a yi ta. Idan wani abu zai lalace, zoben ne, kuma zobe ko a ƙasan kowane gareji ana tsintarsa.

Bol kuwa baƙo ne mai kai da jela. Shi da kansa yake shiga naman kan inji, yana juyawa yana ja a lokaci guda. Duk shigarsa sai ya ɗan ci wani abu daga haƙoran ramin, duk fitarsa sai ya tafi da wani abu. Yana sallama da fara'a, yana bankwana da fara'a, mai masauki ne ke ramewa. Mai makoki ya daɗe yana ganin cewa mutane ma iri biyun nan ne, kuma ya san wanda ya fi yawa.

Ciwon ya faro ne daga rashin lafiyar wani. Tsohon bututun marigayin ya tsage, mai makoki ya sayo sabo, ya ajiye da niyyar ɗaurawa da hannunsa. Kafin ya kai ga haka bayansa ya riƙe, irin riƙewar da mutum ba ya iya ɗaga buta, likita ya ce kwanciya. Motar kuwa ba ta kwanciya don mai ita ya kwanta, sai aka ɗauki direba na ɗan lokaci. A nan ne maiɗakinsa ta zauna a bakin gado ta kawo maganar ƙanenta.

Wannan ƙane shi ne autan gidansu, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau kuma da Auta take kiransa duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa. A gareji kuwa an fi saninsa da Yanzu-yanzu, domin babu aikin da aka taɓa kai masa bai ce yanzu-yanzu za a gama ba, kuma gaskiyarsa, yakan gama. Ya gama da injin ban-ruwan maƙwabci. Ya gama da janareton mai aski. A lokacin ya buɗe sabuwar rumfa, ya sa an rubuta masa allo mai girman ƙofa, yana jiran babbar mota ta tsaya a gabanta don mutane su gani. Yayarsa ta ce aikin ai ba wani mai wuya ba ne, a ba yaron ya samu abin nunawa. Mai makoki ya dubi silin, ya dubi matarsa, ya ce a kira shi.

Auta ya zo ya durƙusa ya gaishe shi da jiki. Daga kwance mai makoki ya yi masa bayani, gajere, yadda ake yi wa wanda ake zaton yana da idanu: a goge wurin, a sa gasket, a zura bututu, a ɗaure da noti, daga tsakiya a yi waje. Auta ya ce an gama, Yaya, yanzu-yanzu.

Abin da ya faru a rumfar, daga baya aka tattara shi daga bakin maƙwabta. Sabon bututun ya ƙi zuruwa a kan sitod, domin yatsunsa sun fi na tsohon faɗi, suna tokarar shasi, ƙashin bayan motar. Maganin wannan sananne ne: a sassauta kujerar inji, a sa jak a ɗaga shi kaɗan, bututu ya wuce. Amma wannan aiki ne na mai haƙuri, kuma babu wanda zai tsaya a titi ya kalli mutum yana haƙuri. Sai Auta ya ɗauko filaya da wutar gas, ya bi sitod ɗin nan da suka zauna a jikin marigayin tun ranar haihuwarsa, ya tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya. Sun yi gardama, an ce, har sai da ya cire riga. Da ya gama ya jawo gwangwanin da yake tara ƙarafa, ya zaɓo bol goma sha biyu waɗanda babu biyun da suka fito gida ɗaya. Wani dogo, wani gajere, wani daga injin niƙa, akwai ma wanda mai walda ya rantse daga baya cewa na gadon ƙarfe ne. Ya ɗaure. Ya goge bututun da tsumma har ya ga fuskarsa a ciki, ya ɗauki hoto.

Ba a daɗe ba marigayin ya fara magana da wata murya. Mai makoki yana kwance a ɗaki, tagar tana kallon inda ake ajiye motar, da safe direba ya tashe ta, sai ya ji a ƙarƙashin gurrum ɗin da ya sani akwai wani abu siriri: tsak, tsak, tsak. Hayaƙi ne ke satar hanya ta gefen gasket. Ya ce wa matarsa ta tambayi ƙanenta. Ta tambaya, ta dawo ta ce Auta ya ce sabon abu ne, zama yake yi. Tsak ɗin ya zama fis, fis, fis. Ya sake aikenta da magana mai ɗan zafi, ta sauke zafin a hanya ta kai sauran. Auta ya aiko da amsa mai ɗan rashin kunya, ta wanke ta kafin ta shigo da ita ɗaki. Haka aka yi ta yi. Duk dawowar mota direba ya biya rumfa, bol ya sassauta saboda zafi da sanyi, Auta ya ɗaure. Da ya ga ɗaurin ba ya riƙewa, bai tambayi kansa dalili ba, domin bai saba tambayar mutumin da ba ya ba da amsa ba. Sai ya zura dogon bututu a kan sifana ya hau da nauyinsa.

Ranar da mai makoki ya fara takawa da sanda, bai nufi ko'ina ba sai rumfar. Ya tarar da bonet a buɗe, Auta a sama, ƙafa ɗaya a kan taya. Kafin ya yi sallama ya ji muryar marigayin ta kusa da ƙarshe, gajeriya, busasshiya: ƙas. Dogon bol ɗin ne ya kai ƙarshen rami, aka ci gaba da murɗa shi, ya karye a ciki. Mai makoki ya leƙa, ya ga kawunan bol a jere a inda ya kamata ya ga zobba a kan sanduna. Wasu suna juyawa da yatsa, sun cinye haƙoran ramukansu tas. A bangon rumfar kuma ya ga ɗaya daga cikin tsofaffin sitod ɗin an kafa shi a jikin katako, rigar Auta tana rataye a kai.

Ko a nan da an tsaya, da marigayin ya rayu. Mai makoki ya ce kada a ƙara taɓa komai, zai je ya zo da mai walda. Tafiyar mai sanda ba ta sauri. Kafin ya dawo Auta ya ga dama ta ƙarshe ta wanke kansa, ya ɗauko injin huda, ya sa a kan guntun da ya karye, a tsaye a kan taya, ba alama ba ma'auni. Bakin injin hudar ya zame daga ƙarfe mai tauri ya bi mai laushi, ya ratsa bango ya faɗa hanyar ruwa. Da suka iso sun tarar da marigayin yana zubar da ruwa ta ramin hayaƙi, a hankali, sss, ruwan yana bin gefen inji yana ɗiga a ƙasa. Abin da ya riƙe a rabe duk tsawon rayuwarsa, an haɗa masa shi cikin ɗan lokacin da tsoho zai je ƙarshen layi ya dawo.

An sauke shi an kai bencin mai walda. Mutumin ya yi iya yinsa, ya gasa, ya cike, ya rufe da yashi ya huce. Da hantsi aka tone shi, sai ga tsaga ta tashi daga ramin ta bi ta kai har kujerar bawul, wurin da walda ba ta gyarawa. Mai walda ya ɗaga tabaransa zuwa goshi, ya goge hannu, ya ce sai haƙuri.

A gaban gawar, mai makoki ya yi wa surukinsa tambaya ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa: me ya ce masa a ɗaure da shi?

Auta ya ce, "Noti ka ce, Yaya. Noti na sa. Je ka kowane shago ka ce a ba ka noti, ka ga ko ba irin wannan za su miƙo maka ba."

Mai walda ya yi dariyar da bai shirya ba, ya ce lallai akwai notin da ya kwance a wannan magana, amma ba a jikin mota yake ba.

Mai makoki bai yi dariya ba, domin amsar ta tsaya masa a rai. Gaskiya ne cewa a bakin mutane zoben noti ne, mai kai da jelar ma noti ne, kalma ɗaya ce ke ɗauke da su biyun. Ya kwana biyu yana juya abin. Mutumin da ya bi kalma ya saɓa nufi, mai biyayya ne ko maci amana? Idan harshe ya ba abu biyu suna ɗaya, laifin na mai faɗa ne, ko na mai ji, ko na kakannin da suka yi rowar kalma? Ya yi wa Auta duk adalcin da zai iya, ya tsaya masa lauya a cikin kansa, kuma ya kusa sallamarsa. Sai ya tuna da rigar da ke rataye a bango. Sanduna goma sha biyu suna tsaye a jikin marigayin suna faɗa wa duk mai ido wane noti ake nufi. Kafin Auta ya kasa fahimta, sai da ya kunna wuta, ya cire riga, ya tumɓuke shaidun nan gaba ɗaya. Rashin fahimta ba ya sa mutum gumi. Wanda ya yi gumi kafin ya kasa ganewa, ya gane tun farko, ƙyuya ce kawai ta sami kalmar da za ta ɓuya a bayanta.

Da ya kai ga wannan hukunci, mai makoki ya sanar a tsakar gida cewa ƙafar Auta ba za ta ƙara taka ƙofarsa ba. Maiɗakinsa tana shanya a lokacin. Ta gama matse zanen da ke hannunta, ta rataya, sannan ta ce, "Kai ƙarfe ka rasa, Baban yara. Ni ƙane kake so in rasa." Daga nan ba ta ƙara ce masa komai ba. Abinci yana zuwa a kan lokaci, ruwan wanka da ɗuminsa, maganin baya a gefen gado, amma gidan ya yi shirun da ya fi na Dattijuwa a gareji. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gane ciwo ta hanyar sauti, ya san cewa shiru ya fi tsak-tsak hatsari.

A cikin wannan shirun ne ya je duba magajin marigayin, wani kan inji na hannu da mai walda ya samo, lafiyayye, ramukansa da haƙoransu. Ya zauna a kan benci yana dasa masa sababbin sitod da hannunsa, a hankali, da ɗan mai a bakin kowanne. Yana cikin haka ya lura da wani abu da bai yi masa daɗi ba. Tun ranar da Auta ya fara shigowa harkar motar, duk maganar da ta tashi daga ɗaki zuwa rumfa ta jikin mace ɗaya take bi, duk wadda ta dawo ma haka. A ɗaure ta nan, a kwance ta can, kowace shiga da fita tana tafiya da wani abu. Korar Auta kuwa ba komai ba ce illa zura dogon bututu a kan sifana a hau da nauyi. Ya riga ya ji ƙarar da ke biyo bayan wannan, kuma ba ya son ya ji ta a cikin gidansa.

Kada masu ta'aziyya su ɗauka an yafe. Ba a yafe ba, kuma wanda ya rataya rigarsa a kan sitod bai nemi yafiya ba balle a duba. Gyara aka yi, irin na masu ƙera inji. An dasa doka sau ɗaya, ba za a ƙara murɗa ta ba: Auta zai shigo gidan yayarsa duk lokacin da ya so, ya ci, ya sha, ya yi surutunsa, a amsa gaisuwarsa. Abin da ke tsakaninsa da mai makoki kuwa, a waje za a riƙa ɗaure shi ana kwancewa, fuska da fuska, ba ta bakin kowa ba. Idan wani abu zai cinye a wannan gogayya, to ya zama mai arha.

An karanta wa maiɗakin mai makoki wannan sanarwa kafin a fitar da ita. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa, ta ce ta yi tsawo, kuma furfurar Auta ba ta kai a sa ta a takarda ba. Sannan ta tambaye shi ko zai ƙara shayi. Ya ce zai ƙara.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Asabar da safe. Za a ɗauko gawar daga bencin mai walda zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan gareji, a cikin baro, kuma an ba Auta girmamawar tura baron shi kaɗai, ta hanyar da ke da tudu. Bol goma sha ɗaya za su bi marigayin a cikin gwangwaninsu, na sha biyun yana cikinsa tun tuni. Ba a buƙatar kuka, kuma ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce ai ƙarfe ne kawai.

Bayan an dawo za a ɗora magaji a kan gangar inji, a ɗaga ta da jak yadda ya kamata, a zura bututun mai ƙyalli a kan sandunansa. Daga nan za a kira Auta gaban jama'a, a ba shi gajeriyar sifana, wadda aka tabbatar babu bututun da zai shiga bayanta. An tanadar masa zobba goma sha biyu a kan faranti. Mai makoki yana roƙon duk wanda ke wurin, don girman marigayin, kada ya kira su da suna. A nuna masa da yatsa.